Rumbun Uwa da Ƙoƙon Yaro: Tarihin Ciyar da Ƙananan Yara a Ƙasar Malbaza da Ƙonni

1. Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba yadda cimakar yaro ƙarami, wato daga haihuwa zuwa shekara 3, ta canza a ƙasar Malbaza da maƙwabtanta, Birnin Ƙonni da Illela, cikin jihar Tawa, tun daga zuwan Faransawa. Masanan da suka yi nazarin Adar, irin su Djibo Hamani da Nicole Échard, waɗanda ayyukansu suka fito a 1975, sun fi mai da hankali ga sarauta da kafuwar garuruwa da addini. Abin da ake girkawa a murhu bai samu irin wannan kulawa ba. Ra'ayin da za mu kare a nan shi ne cewa abin da yaron da aka yaye yake ci ya dogara ga abubuwa uku da ke hannun uwarsa: hatsin gamanarta, nonon bisashenta, da lokacinta. Duk canjin da ya taɓa ɗaya daga cikinsu, a ƙoƙon yaro ake fara ganin alamarsa.

2. Gandu da gamana

A tsarin noma na Hausawan kudancin Nijar, gonar gandu ta gida ce baki ɗaya, kuma maigida ke riƙe da rumbunta. Gamana kuwa ƴar gona ce da ake yanka wa mace ko saurayi, amfaninta nasa ne. A ƙauyuka da yawa, bayan kaka maigida yakan rufe rumbun gandu, ya ajiye shi domin damina, lokacin da aikin gona ke bukatar ƙarfi. A watannin rani, da abin da ta noma da abin da ta samu a sana'a mace ke cika cikin ƴaƴanta. Claude Raynaut, a nazarin da ya buga a 1977 kan wani ƙauye na ƙasar Maraɗi, ya nuna yadda dafaffen abinci ke yawo daga gida zuwa gida ta hanyar saye da sayarwa da kyauta, kuma mata ne ke riƙe da wannan harka.

Girkin yau da kullum ba shi da yawan kaya. Da rana hura ce: a surfa hatsi, a daka, a cura, a dafa, a sake kirɓawa, sannan a dama da nono. Da dare, idan hali ya yi, tuwon hatsi ko na dawa da miyar kuka ko kuɓewa, da daudawar batso wadda ake yi da ƴaƴan yakuwa. Nonon kuwa yana zuwa daga awakin mace, ko daga matan Fulani da Buzaye masu musanya shi da hatsi sa'ad da garkensu ke kwana a gonaki bayan girbi.

3. Daga jego zuwa yaye

Mai jego tana da gata na kwana 40: wankan ruwan zafi, kunun kanwa, da hutu daga daka da ɗaukar ruwa. Mai haihuwar fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta. Jinjiri yana shan mama, ana haɗa masa da ruwa da bauri, wato jiƙon saiwoyi da ɓawon itace. A gidaje da dama akan matse dakashi a zubar, saboda ana ganin bai da kyau, alhali kuwa yana ɗauke da abubuwan da ke kare jariri daga cuta.

Haɗarin ya fi yawa a lokacin yaye. Shari'a ta san shayarwa ta shekara 2, amma galibi ana yaye kafin haka, kuma a rana ɗaya, sau da yawa ta hanyar kai yaro wurin kakarsa. Idan uwa ta yi ciki tana goyo, sai a cire yaron nan take, don ana ɗaukar nonon mai ciki a matsayin mai cutarwa. Daga ranar, hurar manya ce abincinsa. Cikin ɗan shekara ɗaya bai ɗaukar abin da ya wuce kofi guda a zama ɗaya, saboda haka ƙarfin abin da ke cikin kofin da yawan lokutan da aka ba shi su ke raba yaro mai ƙiba da mai tamowa. Hura mai nono da kauri tana riƙe shi. Wadda aka tsinka da ruwa don ta ishi kowa tana cika ciki kawai.

4. Abubuwan da suka canza

Ayarin Voulet da Chanoine ya ƙone Birnin Ƙonni a 1899. Mulkin da ya biyo baya ya kawo haraji na kuɗi da aikin tilas, wanda ba a soke ba sai 1946. Neman kuɗin haraji ya sa ana sayar da hatsi tun da kaka, ya kuma ƙarfafa tafiya cin rani, al'adar da mutanen Adar suka yi suna a kanta, zuwa Nijeriya da Abijan, daga baya har Libiya. Tafiyar maza ta ƙara wa mata nauyin rani.

Bayan samun mulkin kai, hanyoyin kuɗi sun ƙaru a yankin. An kafa masana'antar siminti ta Malbaza a tsakiyar shekarun 1960, sai aka samu ma'aikata masu albashi waɗanda cefanensu daga kasuwa yake. Daga ƙarshen shekarun 1970 aka shimfiɗa gonakin ban ruwa na Ƙonni, da ruwan madatsun Mozage da Zango a kwarin Magiya, sannan na Galmi, garin da albasarsa ta yi suna a Afirka ta Yamma. Filayen nan galibi da sunan magidanta aka raba su, kuma kuɗin albasa da alkama da auduga hannun maza yake shiga. Ta haka gida yana iya samun kuɗi fiye da na da, ba tare da rumbun uwa ya ƙaru ba. Yawan jama'a kuma ya tsuke gonaki, kuma gamanar mace na cikin abin da ake fara ragewa. Injin niƙa ya sauƙaƙa wa mata daka, shinkafa da taliya da dunƙulen Maggi sun shigo tukunya, amma dukansu da kuɗi ake samun su, kuma karyewar darajar kuɗin CFA da rabi a Janairun 1994 ta ƙara wa kayan waje tsada.

5. Yunwa da likita

Yunwar Kakalaba ta 1913-1914, da fari na 1973-1974 da na 1984-1985, sun mayar da mutane ga anza da jiga da ƴaƴan ƙarangiya, cimakar da babba ke iya jurewa amma ba ta riƙe ɗan yaye. Fari biyun na baya sun hallaka bisashe masu yawa, nono ya yi ƙaranci a hura. Na 1984 ya zo daidai da rufe iyakar Nijeriya, daga Afrilun 1984 zuwa Maris na 1986, abin da ya datse Ƙonni daga kasuwannin Sakkwato. Shi ya sa ake kiran wannan yunwa El-Buhari.

A ɓangaren magani, asibitin mishan na Galmi yana aiki tun 1950. Daga shekarun 1960 ma'aikatan wayar da kan mata da gidajen awon yara suka riƙa koya wa iyaye dama kunu mai ƙuli-ƙuli ko wake. Darasin yana da amfani, sai dai an gina shi bisa zaton cewa rashin sani ne matsalar. Barbara Cooper ta soki wannan ɗabi'a ta ɗora wa uwa laifin tamowa a rubutunta kan matsalar cimaka ta 2005. A wannan shekara ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar, akasari da Plumpy'Nut, wani haɗin gujiya da madara da sukari da mai wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996. A 2006 gwamnati ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani. Abin lura ga mai tarihi shi ne cewa maganin ya ƙunshi madara da maiƙo, wato abubuwan da suka yi ƙaranci a hurar gida, kuma hannun uwa ake danƙa shi kai tsaye.

6. Kammalawa

Mun ga cewa tsarin yaye ya daɗe, amma abin da ke tallafa masa, wato gamana da nono da lokacin uwa, ya yi ta raguwa tun daga zamanin haraji. Malbaza ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, kuma tana da abin da mai bincike ke bukata domin gwada wannan ra'ayi: garin ma'aikata, garin albasa, da ƙauyukan tudu masu dogaro ga damina. Muna ba ɗalibai shawara su tattara bayanan tsofaffin mata a wuraren nan uku kan tambayoyi ƙayyadaddu: wa ke buɗe rumbu da rani, tiya nawa ake fitarwa a rana, awaki nawa mace ke da su sa'ad da ta yi yayen fari, kuma a wace shekara ta fara sayen nono da kuɗi.