Yadda Kawunan Kaji Suka Kori Haukar Kare Daga Dazukan Yammacin Turai

A wajenmu, da an ambaci ciwon haukar kare, mahaukacin kare ne ke faɗo wa mutum a rai. A Turai kuwa, a tsakiyar ƙarni na 20, jar yanyawa ce, 'yar'uwar dila, ta riƙa yawo da cutar. Annobar ta taso wajajen 1939 daga kan iyakar Polan da Rasha, tana gangarowa yamma kilomita 20 zuwa 60 kowace shekara. Ta ratsa Jamus, ta shiga Suwizalan a 1967, ta isa Faransa a 1968. Yanyawa kan ciji saniya ko kyanwa, shi ke nan cutar daji ta shigo gida.

Da farko hukumomi kisa suka sa a gaba. Aka yi harbi, aka zuba guba, aka hura iska mai guba cikin ramuka, aka biya mafarauta lada. Haƙa ba ta cim ma ruwa ba, domin yanyawa dabba ce mai yawan haihuwa, kuma duk dajin da aka share, wasu kan ƙauro su cike shi, wani lokaci ɗauke da cutar.

Aikin da ya yi amfani a shekarun nan shi ne sa ido. A 1958 aka fito da gwajin da ke haska ƙwayar cutar a ƙwaƙwalwar dabba cikin sa'o'i kaɗan, sai likitocin dabbobin da suka daɗe da barin makaranta suka koma koyon sabon aiki. Mafarauta na kawo mushen yanyawa, ana aunawa, ana sa alama a taswira. Daga 1977 wata cibiya a Tübingen ta Jamus, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, ta fara tattara alƙaluman ƙasashen Turai wuri guda. Ta haka aka san inda cutar ta kai da inda ta dosa.

Da wannan sani Franz Steck, likitan dabbobi a Jami'ar Bern, ya gwada wata dabara a watan Oktoban 1978. Shi da abokan aikinsa suka cusa 'yan ƙunshin rigakafi cikin kawunan kaji kimanin 4,000, suka watsa su a kwarin Valais, inda duwatsu suka tsare hagu da dama. Yanyawa na tauna kan kaza, ƙunshin ya fashe a bakinta, rigakafi ya shige ta. Sun kuma haɗa da maganin tetirasaikilin, wanda ke barin alama a haƙori da ƙashi, don a gane wadda ta ci idan an kawo gawarta. Cutar ta tsaya a kwarin. Steck bai ga ƙarshen aikin ba, ya rasu a 1982 a haɗarin helikwafta yana cikin rabon rigakafin.

A 1985 Jamus ta fara sarrafa abincin da ake cusa wa rigakafin a masana'anta da garin kifi da kitse maimakon kawunan kaji, daga baya jiragen sama suka riƙa zuba shi. Suwizalan ta rabu da cutar a 1999, Faransa a 2001, Jamus a 2008.

Sai dai a 2008 ɗin nan cutar ta sake ɓulla a arewa maso gabashin Italiya, a 2012 kuma ta koma Girka bayan shekara 25. A lokacin, likitocin dabbobi da yawa a yammacin Turai ba su taɓa ganin dabba mai wannan ciwo da idonsu ba. Shi ya sa ba a daina auna mushen namun daji ba, kuma ɗakin gwaji na Tarayyar Turai da ke Nancy a Faransa ke aika wa takwarorinsa samfura a rufe lokaci-lokaci, don a ga ko har yanzu suna iya gane cutar idan ta dawo.