Ramukan Green Lake da Tarihin Tsare Yara a Amurka

Ina ɗan sakandare na fara karanta littafin Holes na Louis Sachar, kuma tatsuniya na ɗauke shi. Sai da na tsunduma cikin nazarin tarihi na gane cewa ramukan da yaran cikinsa suke haƙawa suna da dogon asali a Amurka.

Littafin ya fito a 1998, ya sami lambar yabo ta Newbery a 1999. Labarin Stanley Yelnats ne, yaron da aka yanke wa wata 18 a sansanin Green Lake na jihar Texas bisa satar takalman da bai sata ba. Kullum kowane yaro sai ya haƙa rami mai zurfin ƙafa biyar da faɗin ƙafa biyar, wai don gyaran hali, alhali wata binnanniyar dukiya shugabar sansanin take nema.

Da'awar gyaran hali ta girmi littafin nesa ba kusa ba. A 1825 aka buɗe gidan kangararrun yara na farko a New York domin a raba su da manyan fursunoni. A 1899 aka kafa kotun yara ta farko a Chicago, bisa ra'ayin cewa alƙali uba ne, uba kuwa ba a kawo masa lauya. Wannan kyakkyawar niyya ita ta buɗe ƙofar zalunci. A 1964, a jihar Arizona, an zargi Gerald Gault, ɗan shekara 15, da yin kalaman batsa ta waya, aka tura shi tsare har sai ya kai 21. Da babba ne, da hukuncinsa bai wuce wata biyu ko tarar dala 50 ba. Sai a 1967 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa yaro haƙƙin samun lauya. A shekarun 1990, lokacin da Sachar yake rubutu, sansanonin horo irin na soja ke tashe.

A nan abota ta shigo. Hector Zeroni, wanda ake kira Zero, baƙar fata ne, ba ya iya karatu, ma'aikata kuma sun mayar da shi sifiri. Stanley ya koya masa haruffa, shi kuma yana taya shi haƙa. Cinikin bai tsira daga inuwar bauta ba, sauran yaran ma sun goranta musu. Amma da Zero ya gudu cikin hamada, shugabar ta sa aka goge bayanansa, domin ta tabbata babu mai neman sa. Stanley ne ya bi sawunsa, ya goya shi har kan dutse.

Wannan gogewar ta fi tsaya mini a rai. Makarantar Dozier ta Florida ta yi aiki daga 1900 zuwa 2011, bayan rufe ta kuma masu bincike suka tono kaburbura 55, da yawansu ba su da suna. A littafi, Zero ya sami wanda ya riƙe sunansa ya fita nemansa. Yaran Dozier sun kwana shekaru da dama a ƙasa kafin wani ya zo ya tambayi su wane ne.