Kafin a harba bindiga a Matan Fada

A ranar ƙarshe ta bikin kamun kifi na Argungu, dubban masunta kan jeru a gaɓar kogin Matan Fada, kowa da goransa da homarsa, makaɗa suna zuga su daga cikin kwale-kwale. Ƙafa tana ƙaiƙayin gudu, amma doka ta ce kada kowa ya taɓa ruwa sai an harba bindiga. Wannan ɗan jiran yana da nasa tarihi, kuma ya girmi bikin da muka sani a yau.

Tun kafin a san kyautar mota, Kabawa suna da gyaran ruwa da fashin ruwa. Akan hana kamun kifi a wasu gurabe na tsawon lokaci, sai Sarkin Ruwa ya yi abin da al'ada ta tanada sannan a buɗe. Masunci yana ganin kifi yana wasa a inda aka hana, ga iyali suna jiran cefane, amma ya kau da kai. Ladan haƙurin na kowa ne, domin kifin yakan samu sararin girma da hayayyafa.

Sai zancen gabar da ke tsakanin Kabawa da Sakkwato. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, daga baya sarautar Kabawa ta zauna a Argungu, kuma a 1849 Yakubu Nabame ya sake ɗaga takobi a kan Sakkwato da Gwandu. An daɗe ana zubar da jini. Shi ya sa zuwan Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu Argungu a 1934, zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ya zama babban al'amari. Mutanen da aka raina da labarin yaƙin kakanninsu suka haɗiye abin da ke ransu, suka tarbi baƙo da gagarumin su. Daga nan bikin ya samo asali.

Shekara guda bayan haka, a 1935, wani Ba'amurke mai suna John Ridley Stroop ya wallafa gwajin da har gobe masana halayyar ɗan Adam ke auna irin wannan ja-in-ja tsakanin abin da rai ke so da abin da doka ta ce da shi. A rubuta kalmar "ja" da koren tawada, a ce ka faɗi launin tawadar. Baki zai so ya ce ja, sai ka ja masa linzami ka ce kore, kuma wannan ɗan jinkirin ana iya auna shi. A 2001 Matthew Botvinick da abokan aikinsa suka bayyana cewa akwai wani sashe a gaban ƙwaƙwalwa da ke lura da karon umarni biyu, ya sa a ƙara taka-tsantsan. Shi ya sa wanda ya tsallake tambaya mai tarko yakan fi nutsuwa a ta gaba.

Da aka shigo da kuɗi cikin irin waɗannan gwaje-gwaje, abin ya rabu biyu. Srikanth Padmala da Luiz Pessoa sun nuna a 2011 cewa alkawarin lada kafin aiki yana kaifafa hankali, mutum ya fi iya watsar da abin da ke ɗauke masa ido. Amma a jami'ar Leiden ta ƙasar Holan, a 2009, Henk van Steenbergen da abokansa sun ga cewa idan kyauta ta faɗo wa mutum ba zato bayan tambaya mai wuya, daɗin da ya ji yakan sassauta taka-tsantsan ɗin nan. A shekarar dai, Dan Ariely da abokansa suka wallafa gwajin da suka yi a ƙauyen Indiya, inda waɗanda aka yi wa alkawarin kuɗi mafi tsoka suka fi kowa tafka kuskure.

Argungu ta ga nata. Da bikin ya bunƙasa, gwamnati da kamfanoni suka shigo, kyauta ta yi ta kumbura. A 2005 kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 75, sai da mutum huɗu suka ɗora shi a kan ma'auni. A 2008 kuwa aka ƙwace kambun daga wanda ya kawo kifi mai kusan kilo 66, bayan da masu kula da bikin suka ce kifin ya daɗe da mutuwa kafin a fito da shi. Abin ya yi wa Kabawa ciwo, kuma ni ma ina jin ciwonsa, domin ruwan da aka tsare shekara guda ne aka ci amanarsa.

A ganina, abin da ya fi riƙe masunci a gaɓa shi ne yardarsa cewa na kusa da shi ma zai tsaya. Wani gwaji da aka yi da yara a jami'ar Rochester, aka wallafa a 2013, ya nuna haka: yaran da babba ya cika musu alkawari sun jira kimanin minti 12 kafin su ci alawar da aka ajiye musu, waɗanda aka saɓa wa kuwa minti 3 kacal. A gaɓar da mutum dubu ke kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ya zabura, sauran ba za su tsaya tambayar ko an ji ƙarar bindiga ba.

Hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin al'adun gado na duniya a 2016, a lokacin an yi shekaru ba a gudanar da shi ba. Da aka dawo da shi a watan Maris na 2020, kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78, mai shi kuma ya tafi gida da naira miliyan 10 da motoci biyu da kujerun Makka biyu. Masuncin da zai tsaya a gaɓa a biki na gaba ya san wannan lissafin sarai, kuma da shi a ransa zai jira bindiga.