Zaɓen Zubin Haruffa a Jaridar The Times ta Landan, 1929 zuwa 1932

Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa zaɓen haruffan ɗab'i ya dogara ne a kan aikin da za su yi kafin a zo ga ƙawa. Misalinmu shi ne jaridar The Times ta Landan, wadda ta auna zubi biyu na haruffa masu ƙafa, wato masu 'yan gajerun layuka a ƙarshen kowane zane.

Zubin Biyu

A 1929 ne Stanley Morison, mashawarcin kamfanin Monotype, ya soki ɗab'in jaridar, har ta ɗauke shi ya ba ta shawara. Bayan gwaje-gwaje, sai magana ta tsaya a kan Perpetua da Plantin. Na farkon aikin Eric Gill ne, gwanin sassaƙa rubutu a dutse, saboda haka zanensa siriri ne, jikin ƙananan haruffansa kuwa gajere. Na biyun Monotype ta fitar da shi a 1913, bisa haruffan Robert Granjon na ƙarni na 16, yana da kauri da babban jiki.

Abin lura a nan shi ne, jarida tana son ta cusa kalmomi da yawa a gajeren layi, injinta kuma yana gudu da sauri. In an ƙanƙanta harafi mai siririn zane, sai ya dushe a idon mai karatu, amma mai babban jiki yakan fito sarai. Don haka aka ɗauki Plantin ya zama tushe, Victor Lardent ya sake zana shi bisa umarnin Morison, aka matse faɗinsa, aka ƙara wa ƙafafunsa kaifi. Sakamakon shi ne Times New Roman, wanda ya fara fitowa ran 3 ga Oktoba, 1932. Jaridar ta yi shekara 40 tana amfani da shi, kafin ta sauya a 1972.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, muna ganin wajibi ne edita ya gwada zubi a kan takarda da girman da zai buga, kafin ya yanke shawara. Mu masu ɗab'in Hausa kuwa muna da ƙarin sharaɗi, domin zubin da ba shi da ɓ da ɗ da ƙ, kome kyansa, zai sa mai karatu ya kasa bambance ƙafa da kafa.