Littafin da Aka Karanta da Kunne

A ranar ƙarshe ta shekarar 1977 'yan sandan Kenya suka ɗauke marubuci Ngugi wa Thiong'o, aka kulle shi a kurkukun Kamiti ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Laifinsa wani wasan kwaikwayo ne da ya sa hannu a ciki, wanda manoma da leburori suka yi a ƙauyen Kamiriithu da harshensu na Kikuyu. A shekara gudan da ya yi a tsare ya rubuta Caitaani Mutharaba-ini, wato Shaiɗan a Kan Gicciye, a jikin takardar shiga bayi.

Mutumin da ya yi suna da Turanci ya komo harshen da ya sha a nono, alhali da yawan masu harshen ba su yi boko ba. To wa zai karanta?

Ashe ya san abin da ya taka. Bai ba da labarin da bakin malamin jami'a ba, ya sa shi a bakin mawaƙin gicaandi, mai kaɗa ɗan duma irin cakinmu yana jefa kacici-kacici. Ga karin magana, ga waƙa, ga maimaici, ga ɓarayi suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna yi wa kansu kirari. Irin wannan rubutu ido kaɗai ba ya cin moriyarsa. Mu ma shaida ne: "gari" a takarda ɗaya ne, sai an furta ake raba na tuwo da na zama.

Da littafin ya fito a 1980, sai wanda ya iya karatu ya zama abin nema. Ana karantawa a tsakar gida, a cikin motar haya, a bakin masana'anta lokacin hutun rana. Ngugi da kansa ya ba da labarin masu karatu a mashaya: mutum zai ja labari har inda ya yi daɗi, ya ajiye littafi don kofinsa ya ƙare, sai masu sauraro su yi rige-rigen cika masa.

Gwamnati ma da kunne ta karanta. Bayan fitowar wani littafin Ngugi mai suna Matigari a 1986, jami'an tsaron Shugaba Daniel arap Moi suka ji ana ta zancen wani Matigari da ke yawo yana tambayar inda gaskiya da adalci suke, aka ba da umarnin kamo shi. Da suka gano a takarda yake zaune, sai suka bi kantuna a 1987 suka kwashe littafin.