Daga Dutsen La Salette Zuwa Kakuri: Waiwaye Kan Wani Ɓangare Na Tarihin Kaduna Ta Kudu

Gabatarwa

Duk lokacin da aka tayar da zancen tarihin Kakuri, masaƙar da aka buɗe a 1957 ce ke fara zuwa bakin manazarta. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa akwai wani zaren tarihin da ya riga na masaƙa, wanda bakinsa ke can cikin duwatsun Faransa.

Ƙauyen La Salette

La Salette ɗan ƙauye ne a duwatsun kudu maso gabashin Faransa. Ran 19 ga Satumba 1846, a shekarar da amfanin gona ya lalace, wasu yara biyu makiyaya, Melanie Calvat da Maximin Giraud, suka ba da labarin cewa Maryamu ta bayyana gare su tana kuka, tana kira ga tuba. Bayan bincike, Bishop na Grenoble ya amince da labarin a 1851, aka kuma soma gina majami'a a kan dutsen a 1852. Da haka makiyayar shanu ta zama wurin ziyarar ibada, shekara goma sha biyu kafin abin da ya faru a Lourdes a 1858.

Yadda Zaren Ya Iso Mana

Farfaɗowar addini da ta sa jama'a hawan dutse ita ce kuma ta sa wasu ƙetare teku. A 1856 Bishop Marion Bresillac ya kafa ƙungiyar SMA a birnin Lyon. Shi kansa ya rasu a Firitawun a 1859, amma magajinsa, Fada Augustin Planque, ya riƙe aikin, ya kuma kafa ƙungiyar sistocin OLA a 1876. Limaman SMA sun sauka Shendam a 1907, Kaduna kuwa ta sami yankinta na mishan a 1934. Sistocin OLA, waɗanda yawancinsu a lokacin 'yan Ayilan ne, su suka riƙe makarantar 'yan mata ta Queen of Apostles a Kakuri. Da gwamnati ta karɓi makarantun mishan a shekarun 1970, sai aka raɗa mata sunan Sarauniya Amina.

Kammalawa

Ba muna cewa La Salette ce ta haifi makarantar Kakuri ba, abin da muke nufi shi ne tushensu ɗaya. La Salette ta adana tarihinta cikin gini da rubutu. Namu kuwa akasarinsa yana cikin ƙwaƙwalwar tsofaffin ɗalibai da malamai, ga shi kullum suna raguwa. In ba mu hanzarta ɗaukar bayanansu ba, Musulmi da Kirista baki ɗaya, za a wayi gari jikokinmu na wucewa ta ƙofar makarantar ba su san wanda ya aza harsashinta ba.