Nvidia da Linux: Tarihin Direban da Aka Rufe Cikinsa

Manomin rani a fadamun Miga ya san darajar injin ban-ruwan da bakaniken gari zai iya kwancewa ya duba cikinsa. Injin da aka liƙe kuwa, ranar da ya tsaya, shinkafa ce ke shan wahala. Kusan irin wannan ce rigimar da ta daɗe tsakanin Linux da kamfanin Nvidia na Amurka.

Linus Torvalds ya fara Linux a Helsinki a 1991, kuma kowa na da ikon karanta yadda aka rubuta shi, ya yi gyara. Sai dai katin da ke zana hoto a fuskar kwamfuta ba ya jin maganar Linux sai ta bakin tafinta, wata manhaja da ake kira direba. Nvidia ya samar da nasa direban, amma a rufe. Duk lokacin da aka sabunta zuciyar Linux, direbobin cikin gida tare ake gyara su, na waje kuwa sai an sake ɗaura shi. Don rage wannan wahala kamfanin Dell ya fito da DKMS a 2003.

Wasu 'yan sa-kai suka shiga bin diddigin yadda katin ke aiki, suka rubuta buɗaɗɗen direba mai suna Nouveau, wanda ya shiga Linux a 2010. Tun da direba biyu ba sa riƙe kati ɗaya, mai saka na Nvidia sai ya fara toshe Nouveau. Idan ya zo cire shi ya manta bai buɗe toshiyar ba, yana iya kunna kwamfuta ya tarar da baƙar fuska.

A watan Yunin 2012, a Jami'ar Aalto ta Finland, Torvalds ya ce ba su taɓa hulɗa da kamfani mai wuyar sha'ani kamar Nvidia ba, har ya yi masa daƙuwa irin ta Turawa. AMD kuwa tun 2007 ya fara fitar da bayanan katunansa, direbansa amdgpu ya shiga Linux a 2015. Shi ya sa mai katin AMD galibi ba ya saka komai.

A watan Mayun 2022 Nvidia ya buɗe sashen direban da ke haɗuwa da zuciyar Linux, ga katunan Turing da na bayansu. Sauran sassan suna nan a rufe. Saboda haka tsohuwar ƙa'ida ba ta canza ba: direban da ya shigo ta rumbun manhajojin Ubuntu ko Fedora ta nan ake cire shi, wanda aka ɗauko daga shafin kamfanin kuma da abin cirewarsa ake fitar da shi, sannan a tabbatar an maido da Nouveau bakin aiki.